Ranar da Yasna Ta Daskare

Shekara arba'in ina sassaƙa jiragen ruwa a tsibirin Quehui.
In na ja layi da alli a jikin katako
ko igiyar awo sai ta ji kunya.
Yau hannun nan, shi ɗin dai,
ba ya kai cokali baki sai ya ba riga rabonta.
Likita ya ce sunanta Fakinsin.
Ni karkarwa nake ce mata, don mun saba,
ina buɗe ido take cewa ina kwana.

Talata-Talata akan kai ni Castro,
awa biyu a kan ruwa in teku ta ga dama,
in ba ta ga dama ba a koma gida a ci dankali.
A asibitin akwai ɗaki mai madubi bango guda,
an manna layuka rawaya a ƙasa kamar haƙarƙarin jirgi.
Yasna takan ajiye tafin hannunta a tsakiyar bayana,
ba turi ba, ba riƙo ba,
dafawa dai, irin wadda ake yi wa tunkiya ta natsu.
"Babban taki, Don Evaristo. Ɗaga, kada ka ja."
Mu bakwai ne.
Muryar Olegario ta sirance kamar zare,
amma in ƙafata ta liƙe da ƙasa
shi ke ara mini ɗaya-biyunsa.

Yuni ya zo da ruwa da iska aka rufe mashigi,
jirgi ya yi mako uku ɗaure a gaɓa.
Jikata Ailin ta jingina waya da kwalbar zuma,
sai ga Yasna, duka-duka ba ta kai tafin hannu ba,
tana leƙen kicin ɗinmu.
Abin da shekara biyu ba ta gani ba
ta gan shi kafin ruwan shayi ya tafasa:
"Buzun nan a ɗauke shi daga hanya.
Wannan ƙofar ce take tsayar da kai, ko?"
Ita ce.
Ciwon nan wayo gare shi, gaban baƙi ladabi yake yi,
a gida yake miƙe ƙafa.

Na lalubo tsohon allina na ja layuka a daɓen katako.
Sun karkace.
Herminda ta duba, ta ce taka su za ka yi, ba sayar da su ba.

Ran Alhamis muna tsakiyar ɗaga hannu
iska ta ɗauke sabis.
Yasna ta daskare,
baki buɗe, hannu a sama, ƙafa ɗaya ta ƙi sauka.
Na san wurin nan. Na san shi ciki da bai.
Na matsa kusa da gilashin na ce,
"Kada ki tsorata, 'yata. Ɗaya. Biyu. Babban taki."
Dariyar da Herminda ta yi har burodi ya ƙone.

Kwana biyu bayan haka na karkata baya, wajen murhu.
Yasna ta miƙo hannu daga can, na gani da idona,
ya zo iyakar gilashi ya tsaya.
Bango ne ya tare ni,
shi kuwa bai iya dafa mutum ba.

Da teku ta huce na koma Castro.
Mu shida.
Kujerar Olegario tana nan, an ɗora mata tawul.
Mako uku waya tana ce mini ɗaga gwiwa, buɗe ƙirji,
ba ta ce mini wannan ba.

Yanzu Ailin ta zo da takarda daga asibiti,
gurbi biyu ne, wai in zaɓi wanda ya fi.
Na ce ta ajiye tukuna ta miƙo mini alli,
layin bakin ƙofa ya goge.
Taki goma sha ɗaya ne daga murhu zuwa waje,
ina son ganin ko ruwa ya janye,
kuma ni zan ƙirga,
da siririyar muryar da aka ara mini ban mayar ba.